Kuɗin hannu da abin da ke bayan bango

A watan Fabrairun 2025 likitan ƙashi ya duba gwiwoyin mahaifiyata, ya rubuta magani, sannan ya ɗago kai ya ce da ni maganin ba zai yi wani tasiri ba muddin tana ci gaba da tsuguno sau biyar ko shida a yini. "A sauya mata masai," in ji shi, kamar mai cewa a sauya mata matashin kai. Hajiya ta ce ita lafiyarta ƙalau, haka ta taso ta ga iyayenta suna yi. Ni kuwa na riga na sha jin yadda take dafa bango tana salati kafin ta iya miƙewa, don haka ban tsaya jayayya da ita ba.

Gidanmu tsohon gini ne a Kano. Marigayi mahaifinmu ya gina shi a farkon shekarun 1980, kuma tun daga lokacin ba a taɓa banɗakin Hajiya ba, sai dai a sauya kan famfo idan ya fara ɗiga. Aikin da ake buƙata, a yadda na rubuta shi a takarda, layi huɗu ne kacal: a cire masai na tsuguno a sa na zama, a sauya kwanon wanke hannun da ya tsage, a sauya shawa da kan famfonta, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Kuɗin kayan bai tayar mini da hankali ba duk da tsadarsu, domin kaya abu ne da ake gani. Ka shiga shago uku ka tambaya, kafin la'asar ka san farashin gari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ɗaya ɓangaren, wanda masu sana'a ke kira kuɗin hannu. Mutum uku na tambaya.

Na farko, wanda wani abokin aikina ya turo mini lambarsa, ya zo ya leƙa banɗakin daga bakin ƙofa, bai yi minti biyar ba ya ce kuɗin hannunsa naira 20,000, amma shi zai sayo kaya, zai turo mini lissafinsu da yamma. Na biyu dattijo ne mai furfura a gemu, wani maƙwabci ya yi mini kwatancensa. Ya shafe kusan rabin sa'a a ciki yana ƙwanƙwasa tayil da bayan sifana, yana auna tazara, ya fita waje ya bi hanyar bututun ƙazanta har zuwa sokawe, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon tankin ruwa, sannan ya ce naira 65,000, ni in sayi kayana, kuma abin da aka tarar a bayan bango maganarsa daban. Na uku ɗan gida ne, mahaifinsa ne ya yi aikin famfon gidan tun asali. Da na tambaye shi farashi sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. "Haba Yaya, aikin Hajiya ne fa. In an gama ka ba da abin da ya sawwaƙa."

Ni da nake taƙamar na karanta aikin jarida a jami'a, na kuma shafe shekaru ina bin diddigin kasafin kuɗin gwamnati ina tambayar manya inda kuɗi suka shiga, sai ga shi na kasa faɗin wanne ne a cikin mutanen nan ya nemi haƙƙinsa, wanne ne ya wuce gona da iri. Zuciyata ta karkata ga na farko saboda arha, ta Hajiya ta karkata ga na uku saboda zumunci, na biyun kuwa mu duka muka ɗauke shi mai tsawwalawa.

Da na tuntuɓi abokai a kan yadda suke auna irin wannan kuɗi, sai na tarar kowa da ma'auninsa, kuma kowane ma'auni yana ɗingishi. Wani injiniya ya ce a lissafa kuɗin kaya a ba mai aiki wani kaso na adadin. Wannan yana iya yin amfani a babban gini inda ake ƙiyasin komai a dunƙule, amma a banɗaki guda ba ya tsayuwa. Masai mai arha da mai tsada bututu ɗaya ne ke kai musu ruwa, bututu ɗaya ke ɗauke ƙazantarsu, kuma gumin da za a zubar wajen fasa daɓe bai san farashin tangaran ɗin da za a ɗora a kai ba. Iyakar abin da tsadar kaya ke ƙara wa mai aiki shi ne fargabar kada ya fashe a hannunsa. Wani kuma ya ce a ƙirga awannin da mutum ya yi yana aiki. Wannan ma'auni gwani yake ci wa tara: wanda shekaru suka koya masa ya gama a yini ɗaya sai ya tashi da rabin abin da ɗan koyo zai samu in ya kwana biyu yana lalube.

Amma ma'aunin da ya fi yawa a bakinmu shi ne na tuna baya. "Ai ni dubu goma na biya aka sa mini nawa," in ji wani ɗan'uwana, yana mai tabbatar mini cewa za a cuce ni. Da na matsa masa da tambayar yaushe, sai ta bayyana a 2022 ne. Tsakanin wancan lokaci da ranar da muke magana ƙasar ta sauya. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mu ma'aikata mun san wannan lissafi sarai idan ana batun albashinmu, kuma da irinsa ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa hujja har aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Mun yarda siminti da tayil sun tashi, domin mai shago ba ya sauraron magiya. Kuɗin hannu ne kawai muke so ya tsaya inda muka bar shi shekaru uku da suka wuce, kamar ba a kasuwa ɗaya muke cefane da mai aikin ba.

Sai dai ko an gyara lissafin hauhawar farashi, akwai matsalar da ta fi wannan zurfi, kuma masana tattalin arziki sun daɗe da gano ta. A 1970 Phillip Nelson ya raba haja gida biyu: wadda ake iya sanin ingancinta kafin a saya, kamar atamfar da za ka murza ka ɗaga ta a rana, da wadda sai an yi amfani da ita, kamar kankana da ba a sanin zaƙinta sai an fasa. A 1973 Michael Darby da Edi Karni suka ƙara kashi na uku, wato hajar da ko bayan ka saya ka yi amfani da ita ba ka da hanya mai sauƙi ta sanin ko ita kake buƙata, ko an yi ta yadda ya kamata. Aikin gyara na cikin misalan da suka bayar. Ni dai hajar amana nake kiranta. Wanda zai gaya maka ciwon shi ne zai sayar maka da maganin. Aikin famfo kuwa ya fi yawancin gyare-gyare tsanani ta wannan fuska, domin mafi muhimmancin ɓangarensa binne shi ake yi a cikin siminti a rufe da tayil. Haɗin da aka yi da kyau da wanda aka yi da ha'inci kamanninsu ɗaya ranar da aka gama. Bambancin sai bayan wata takwas, lokacin da fentin ɗakin da ke bayan banɗaki ya fara kumbura yana ɓarewa.

George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya nuna ƙarshen irin wannan kasuwa a nazarin da ya yi a 1970 da misalin motocin hannu. Idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba. Daga nan masu kayan kirki su janye, su bar wa sauran kasuwa. Abin da na kusa yi wa dattijon nan ke nan.

Na fara da sallamar ɗan gida, kuma ita ce ta fi wuya. "Abin da ya sawwaƙa" magana ce mai daɗin ji, tana ɗauke da ladabi da kara, kuma ban yi shakkar cewa da zuciya ɗaya ya faɗe ta ba. Amma mai karatu ya duba abin da take yi: tana sauke nauyin yanke farashi daga kan wanda ya san aikin, ta ɗora shi a kan wanda bai san komai a kai ba. In na ba shi 25,000 zai karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya tafi da ƙullin da ba zai taɓa furtawa ba, ran da bututu ya fashe kuma in kira shi ya ce mini yana Wudil. In na ba shi 80,000 don gudun kunya, ni zan kwana ina tunanin an yi mini wayo da murmushi. Na ga zumunci da yawa da ya yi tsami ta wannan hanya ba tare da an taɓa ɗaga murya ba. Kuma yanke farashi tun farko ba baƙon abu ba ne da boko ya kawo mana. Kalmar jinga tamu ce: mai gona da 'yan ƙwadago, mai gida da magini, sukan tsaya a kan aikin su daidaita kafin a sa fartanya ko a kwaɓa ƙasa. Sau uku ina roƙonsa ya faɗi adadi, yana cewa kada kuɗi su shiga tsakaninmu. Na ce masa ai rashin faɗar ne zai shigar da su. Hajiya ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Lissafin kayan mutum na farko ya iso ta WhatsApp kamar yadda ya alkawarta, dogo, a tsare, abin sha'awa. Ranar Asabar na ɗauke shi na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, daga nan na wuce shagunan kayan banɗaki na France Road a Sabon Gari, ina tambayar farashin kowane abu ɗaya bayan ɗaya, har da gam da farin tef ɗin da ake naɗawa a bakin bututu. Da na tattara, abin da ke takardarsa ya ɗara na kasuwa da naira 47,000. Wani ɓangare ƙari ne a kan farashin masai da kwano, wani kuma daga ƙananan kayan haɗi da aka rubuta fiye da abin da banɗaki mai faɗin taku huɗu zai ci. Na tsaya a inuwar wata rumfa na haɗa 20,000 da 47,000, na sami 67,000. Wato mutumin da na ɗauka mai sauƙi da wanda na ɗauka mai tsawwalawa kusan kuɗi ɗaya suka nema. Ɗaya ya faɗi nasa da baki, ɗaya ya rarraba nasa ya cusa a cikin gwiwar bututu da gwangwanin gam.

Fushi na fara yi, amma bai daɗe ba. Wani mai shago da na nuna wa takardar ya yi dariya ya ce wannan ai ba sabon abu ba ne: akwai masu aikin da kan kawo ciniki a ware musu la'adarsu, akwai masu neman a rubuta musu rasit biyu. Sannan ya ƙara da maganar da ta tsaya mini a rai. "Alhaji, ku ne ba kwa biyan kuɗin hannu. In ya ce muku sittin, sai ku ce ashirin. In ya ce masai dubu ɗari, ba kwa cewa uffan." Akwai kuma abin da bai faɗa ba, wanda duk mai gida ya sani a ransa. Kuɗin kaya ne kaɗai muke bayarwa a gaba, a dunƙule, ba gardama. Kuɗin hannu sai an gama, sai a ba da rabi a ce sauran sai ƙarshen wata, kuma ƙarshen watan wani mai gidan ba ya zuwa. Mai sana'ar da aka sha yi wa haka yakan koyi ɗibar haƙƙinsa daga inda ya tabbata zai shigo hannunsa. Ban ce hakan daidai ba ne. Illarsa babba ce, domin mutumin da ribarsa ke cikin kaya yana da dalilin rubuta maka mai tsada ya sayo mai arha, yana da dalilin ce maka abin da zai gyaru ya mutu. Amma da hannunmu a cikin koya masa.

Na koma wajen dattijon da buƙatar da na ji nauyin furtawa. Na ce, "Baba, don Allah a warware mini dubu sittin da biyar ɗin nan." Na zaci zai ji haushi, sai kawai ya karɓi bairona ya juya bayan takardar. Mai tayil da zai gyara daɓe da bango bayan an fasa, 15,000, domin shi ba ya taɓa tayil, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yaronsa, 4,000 a yini, kwana biyu 8,000. Lebura mai fasawa da kwashe ɓaraguzai, 5,000. Adaidaita sahu da kayan aiki, zuwa da komawa kwana biyu, 6,000. Hayar injin yankan tayil da na narka bakin bututun roba, 5,000. Jimla 39,000. Abin da ya rage masa 26,000, wato 13,000 a yini.

Abu na farko da na lura shi ne 20,000 ɗin mutum na farko ba za su biya ko waɗannan ɗawainiyoyi ba, balle ya tsira da na cefane. Da na san wannan lissafi tun farko, da ba sai na zagaya kasuwa ba kafin in gane cewa sauran kuɗin suna wani wuri. Abu na biyu kuwa, ɗan jarida ba ya rasa tambaya. Idan aka raba 70,000 a kan ranakun aiki 22, mai mafi ƙarancin albashi yana tashi da kimanin 3,200 a yini, ga shi dattijo yana neman ninki huɗu. Na faɗa masa haka. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai in ka kwanta ciwo albashinka yana tafiya. Ni watan da na yi aiki kwana goma sha biyu, wata ne mai albarka." Kwana goma sha biyu a kan 13,000 ya kama 156,000, a wata mai kyau, ga mutumin da ya ce ya fi shekara ashirin da biyar a sana'ar, ba fansho, ba hutu, sifana in ta ɓace daga aljihunsa za a sayo wata. Kuma bai sa zuwan farko na dubawa a lissafi ba, bai sa dawowar da zai yi in wani wuri ya ɗiga ba.

Akwai lokacin da nake aikin jarida na ƙashin kaina, ina sayar da rahoto ɗaya-ɗaya. Edita kan ƙirga kalmomi ya biya, ba ruwansa da kwana ukun da na yi ina zarya a harabar kotu, ko kuɗin mota zuwa ƙauye, ko kiran waya goma sha biyar da aka ƙi ɗauka. Na sha yin ƙorafi a kan haka a majalisar abokai. Ban taɓa lura ba cewa da idon editan nan nake kallon masu aikin hannu.

Tambayata ta ƙarshe ita ce me ya sa aikin zai ci kwana biyu, kuma amsarta ce ta sa na daina kallon layi huɗun nan da na rubuta a matsayin aikin. Masai na tsuguno a cikin daɓe yake, a ƙarƙashinsa kuma akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa don toshe warin sokawe. Masai na zama yana zuwa da tasa lanƙwasar a jikinsa. Mai gaggawa zai fasa sama kawai, ya ɗora sabo a kan tsohuwar lanƙwasa, ya gama kafin azahar. Lanƙwasa biyu a jere kuwa suna riƙe iska a tsakaninsu, ruwa ya riƙa tafiya da ƙyar, toshewa ta zama ta yau da gobe. Yin aikin daidai yana nufin a haƙa a ciro tsohuwar, a kawo bakin bututun mai inci huɗu daidai tazarar da sabon masai yake buƙata daga bango, a cike, a bar siminti ya kama, sannan a mayar da tayil da ɗan gangaren da zai kai ruwan wanka magudana, kada ya kwanta a inda tsohuwa za ta taka. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zan iya gani da idona bayan an gama.

Muka daidaita a rubuce, a bayan takardar nan dai. Naira 30,000 kafin alƙalami, 25,000 ranar gamawa, 10,000 bayan mako guda idan ba a ga ɗiga ba. Ba za a rufe bango ba sai an saki ruwa na gani. Abin da aka tarar a ciki kuma a tsaya a nuna mini, a yanke kuɗinsa kafin a ci gaba. A kan riƙe dubu goman bai yi musu ba. Ya ce, "Na yarda, amma ka rubuta ranar."

Wajen sayen kaya ma sai da ya cece ni. Ya ce kada in biya kuɗin komai sai na turo masa hoto. Masai na zama iri biyu ne, mai zubarwa ƙasa ta daɓe da mai zubarwa baya ta bango, kuma wanda ya burge ni a shagon, har mun gama ciniki, na bango ne, alhali bututunmu a ƙasa yake. Haka shawar da na zaɓa, mai faffaɗan kai kamar faranti. Ya ce in ajiye ta, tankinmu bai fi mita biyu ba a saman kan shawa, ruwan ba shi da ƙarfin da zai cika ta, sai dai ya riƙa ɗiga a kan Hajiya. Maganar ba ta fi minti uku ba a waya, kuma babu layin da aka rubuta mata a lissafi.

Yini na farko ya tafi lafiya. A na biyu da hantsi ya kira ni ina ofis. Bakin tsohon bututun ya karye a cikin bango lokacin da yake kwance kan famfon shawa. Gidajen wancan zamani da bututun ƙarfe aka yi musu aikin ruwa, shi kuwa tsatsa daga ciki take cinsa, yana tsukewa shekara bayan shekara ba wanda ya sani. Da na iso ya yanko guntu ya miƙa mini. Ramin da ya kamata ƙaramin yatsa ya shiga, da ƙyar tsinken tsire zai wuce. Ashe abin da ya sa ruwan shawar Hajiya ya daɗe yana zuwa a wahalce ke nan, mu muna ɗora wa tanki laifi. Ya ce hanya biyu ce: ko a yi ƙari a inda ya karye a rufe, a jira ran da zai karye a gaba, ko a cire ƙarfen gaba ɗaya daga inda ya shigo banɗakin a sa na roba. Ta biyun za ta ci ƙarin yini guda, kuɗin hannu 18,000.

Wannan ne lokacin da mai gida ba shi da ƙarfin ciniki ko kaɗan. Bango a buɗe, ruwa a kashe, Hajiya tana takawa da ƙyar zuwa banɗakin tsakar gida da butarta. Wanda ba ya jin tsoron cin haƙƙi zai iya faɗin duk abin da ya ga dama, kuma dole a biya. Abin da ya kare ni shi ne sharaɗin da muka rubuta kafin a ɗaga guduma, da guntun bututun da ke hannuna, da kuma ma'aunin da yanzu nake da shi. Yininsa 13,000, na yaro 4,000, mota 3,000, ya kama 20,000. Ashe ma ya yi mini ragi. Na yi wannan lissafi a kaina, na san sakamakonsa, amma duk da haka sai na ji bakina yana cewa, "Baba, a bar shi sha biyar." Ba don ba ni da dubu ukun ba. Sabo ne kawai, don kada a ce an faɗi farashi ban taya ba. Ya yi shiru yana kallon bangon, sannan ya ce, "Shi ke nan, na sallama."

A yini na uku aka saki ruwa, muka tsaya muna kallon kowane haɗi, babu inda ya jiƙe, mai tayil ya rufe. Hajiya ta shigo ta kama ƙarfen dafawar ta jijjiga shi da ƙarfinta, ta murɗa shawa ta ga ruwa ya zubo yadda ba ta gani ba shekara da shekaru, ta ce, "To, ba laifi." Wanda ya san ta ya san wannan yabo ne.

Da yamma na tarar da yaron a gindin famfon tsakar gida yana wanke kayan aiki. Ba zai wuce shekara goma sha bakwai ba. Cikin raha na tambaye shi nawa ya samu a kwana ukun nan, ina sa ran ya ce dubu goma sha biyu. Ya ce dubu tara. "Oga ya ce an rage kuɗin ƙarin aikin." Na ciro dubu uku na miƙa masa. Sai da ya waiwaya ya kalli zaure, inda maigidansa ke ɗaure jaka, kafin ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ranar da muka rubuta, dattijon ya dawo da kansa. Kafin ya yi maganar kuɗi ya shiga banɗakin, ya shafa ƙarƙashin kwanon da busasshen tafin hannu, ya duba bayan masai, ya ƙara ɗaure wani wuri da ni ban ga abin da ya same shi ba. Na ba shi dubu gomansa, sannan na yi masa tambayar da na yi mako guda ina juyawa: me ya sa ragin da na yi a kan yaron ya sauka? Ya gama ƙirga kuɗin tukuna, ya sa a aljihun gaba. "Malam," ya ce, "daga ina kake so in cire? Daga gam?" Sannan ya nemi a yi masa iso ya gaida Hajiya.